In Shayi Ya Zube Bisa Kwamfuta

A makon da muke haɗa sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara, wani abokin aikinmu ya ajiye kofin shayi kusa da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a ofishin malamai. Ya miƙa hannu zai ɗauki rajista, sai ya ture kofin, shayi ya malale bisa madannai. Kwamfutar ta ɗauke. Ya goge ta da hankici, ya kunna domin ya ga ko tana da rai. Ta kawo haske kaɗan, ta mutu. Ya sake kunnawa har sau uku. Makin yara na aji biyu yana cikinta, ba a kuwa kwafe shi a wani wuri ba.

Da muka kai ta wurin mai gyara, ya ce kunnawar nan ce ta ƙarasa ta. Ga dalili. A ƙarƙashin madannai akwai babban allo mai siraran hanyoyin wuta, kusa-kusa da juna. Ruwan da ya shiga yakan haɗa hanyoyin nan, wuta ta bi inda ba nata ba, ta ƙone abin da ta tarar.

Saboda haka, in wannan ya faru a gidanku, ku fara kashe soket na bango, ku zare caja da busasshen hannu. Sa'an nan ku danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu sarai. Kada ku tsaya adana aikin da kuke yi. Ku cire filashi da dukan abin da ke jone da ita. In batirinta mai fita ne, ku fitar da shi. Yawancin na yanzu a ciki yake, sai mai gyara.

Bayan haka ku shimfiɗa tawul, ku buɗe ta, ku kifa ta kamar jinkar ɗaki, domin ruwan ya gangaro waje. Ku sa mata fanka. Kada ku shanya ta a rana ko kusa da murhu, gama zafi yakan lanƙwasa madannai, ya kuma ɓata batir. Ku bar ta aƙalla sa'a 48. Da damina, lokacin da iska ke da laima, ku ƙara mata kwanaki. Mun sani a nan ne haƙuri yakan ƙare, musamman ga yara masu son gwadawa. Ku ɓoye cajar.

Waɗansu sukan ce a binne ta cikin shinkafa. Ba mu yarda da wannan ba. Shinkafa ba ta kaiwa inda ruwan ya shiga, ƙurarta kuma tana toshe ƙofofi. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa kada su yi haka. A bar shinkafa ga tukunya.

Ruwa zalla yana da sauƙi. Amma shayi mai sukari da madara, ko kunu, ko lemon kwalba, ko sun bushe sukan bar danƙo a ciki, wanda ke cin ƙarfe a hankali. Kwamfutar takan yi aiki mako ɗaya ko biyu, mai ita ya yi murna, daga baya ta mutu. Irin wannan tilas a kai ta wurin mai gyara tun ranar, ya buɗe ya wanke allon da sifirit na musamman. Ku gaya masa gaskiyar abin da ya zube, da ko an kunna ta. Ku sani kuma garantin da akan bayar wurin saye yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Kwamfutar abokin namu ba ta tashi ba. Amma mai gyaran ya ciro ma'ajiyar bayananta, ya jona ta da wata kwamfuta, makin yara ya fito duka. Ya ce mun yi sa'a, gama a waɗansu sababbin kwamfutoci ma'ajiyar a manne take da allon, ba ta ciruwa. Iyaye sun karɓi sakamako a makare da mako guda.