Tafiyar rahoton kuskure a Bugzilla

Bugzilla manhaja ce da Terry Weissman ya rubuta wa Mozilla a 1998 domin bin diddigin kurakuran manhajoji. Kowane rahoto yana da lambarsa, kuma matakai biyar yake bi.

A ce mutum ya ga harafin ƙ yana rikiɗa zuwa ɗan akwati a allonsa, ya kai rahoto. Matakin farko shi ne "ba a tabbatar ba". Idan wani ya gwada ya ga abin da idonsa, rahoton ya zama tabbatacce. Daga nan mai gyara ya ɗauka, a rubuta "ana kan aiki". In ya kammala, a ce "an warware", sa'annan mai bincike ya tantance. Idan kuskuren yana nan, a sake buɗe rahoton.

Sai dai "an warware" ba kullum yake nufin an gyara ba. Yana iya nufin wani ya riga ya kawo ƙorafin, ko ba za a gyara ba, ko an gwada ba a ga komai ba. Wannan na ƙarshe yana iya zama makomar rahoton da bai faɗi sigar manhajar da matakan da suka jawo matsalar ba.