Sahasrara: Koyarwar "Ƙofar Maɗiga" da Aikin Mai Kiwon Ikkilisiya

Duk uwar da ta taɓa goyo ta san maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakar kan jariri da ake ganin yana motsi kafin ƙashi ya haɗe. Akwai wata koyarwa da ta fito daga Indiya wadda take cewa a daidai wurin nan ne ƙofar da ke tsakanin mutum da allahntaka take, kuma wanda ya san hanya yana iya buɗe ta da kansa. Dā sai mai karanta littattafan Turanci ke cin karo da ita. Yanzu waya ta kawo ta hannun ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau da matashin zumunta a Tsafe. Mai hidimar da bai san abin da take faɗa ba, ko dai ya tsorata ya ce duk aljanu ne, ko kuwa ya ce motsa jiki ne kawai. Duk amsoshin biyu ba sa taimakon wanda ya zo da tambaya.

Abin da koyarwar take faɗa

A harshen Sanskrit kalmar cakra tana nufin ƙafar keke ko abin da ke juyawa. Littattafan Tantra na addinin Hindu suna koyar da cewa ban da jikin da ake gani, mutum yana da wani jiki marar ganuwa mai hanyoyi uku manya, ida da pingala da sushumna, ta ukun ita ce ta tsakiya da ke bin ƙashin baya. A kan hanyar tsakiyar ne cibiyoyi shida suke jere, daga gindin ƙashin baya har tsakanin gira. A samansu duka akwai sahasrara, wadda ake kwatantawa da fure irin na bado mai ganye dubu. Lissafin ya fito ne daga haruffan Sanskrit 50 da aka maimaita sau 20.

A can ƙasa, in ji su, wani ƙarfi mai suna kundalini yana barci a naɗe kamar maciji. Da sarrafa numfashi, maimaita kalmomi na musamman da tattara hankali, mai neman sani yana tashe shi ya haura cibiya bayan cibiya. Idan ya kai tsakar kai, sai allahiya Shakti ta haɗu da allahn Shiba, mutum kuwa ya farga cewa shi da allahntaka abu ɗaya ne tun asali. Wannan fargar ce suke kira sanin kai, ita ce kuma 'yanci daga sake haihuwa a duniya sau da sau.

Yadda ta iso gare mu

Tsarin da ya fi yaɗuwa ya samo tushe daga rubutun wani malamin Bengal mai suna Purnananda na shekarar 1577. Wani alƙalin Ingila a Kalkata, John Woodroffe, ya fassara shi cikin littafinsa The Serpent Power a 1919. Sai Charles Leadbeater, tsohon limamin Angilika da ya koma ƙungiyar Tiyosofi wadda aka kafa a New York a 1875, ya fitar da The Chakras a 1927. Shi ya ce ya ga cibiyar tsakar kai da idon ruhu, ganyenta kuma 972 ne. Launukan bakan gizo da ake gani a hotuna yau, inda ake ba cibiyar sama launin shunayya, Turawa ne suka daidaita su a ƙarni na 20. Tsofaffin littattafan ma ba su yarda da juna kan yawan cibiyoyin ba, domin wasu makarantun addinin Buda huɗu ko biyar suke ƙirgawa.

Ƙungiyar da ta fi ɗaukaka wannan cibiya ita ce Sahaja Yoga. Wadda ta kafa ta, Nirmala Srivastava, an haife ta a gidan Kirista a Indiya a 1923, ta rasu a Italiya a 2011. Ta ce ranar 5 ga Mayu 1970 ta buɗe sahasrara domin dukan 'yan Adam. Mabiyanta suna cewa alamar buɗewar ita ce sanyin iska da ake ji a tafin hannu da saman kai, suna kuma danganta wannan iska da Ruhu Mai Tsarki. A Nijeriya, ƙungiyar Eckankar, wadda Paul Twitchell ya kafa a Amurka a 1965, tana koyar da fitar kurwa daga jiki domin yawo a duniyoyin sama.

Dalilin da ya sa take jan hankali

Jihar Zamfara ta shafe shekaru cikin tashin hankalin 'yan bindiga. A watan Satumba na 2023 an sace ɗalibai daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Matashin da ke kwana da fargaba, idan aka yi masa alkawarin natsuwa cikin minti goma ba tare da kuɗi ba, zai saurara. Dole mu yarda kuma cewa jan numfashi a hankali da zama shiru suna rage bugun zuciya. Wannan aikin jiki ne da Allah ya halitta, kowane likita ya san shi. Sai dai jin sauƙi ba ya tabbatar da bayanin da aka ɗora a kansa, masu binciken jikin mutum kuwa ba su sami wata gaɓa mai suna cakra ba.

Batun iko da ke shigowa ta kai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A bori ana cewa iska ta hau mutum, shi kuma ya zama dokinta, Dutsen Kwatarkwashi kuwa ya daɗe da suna a kan al'adun iskoki. Amma kada mu haɗa su wuri ɗaya. Ɗan bori yana jiran wani daga waje ya hau shi. Mai kundalini yana cewa abin da yake nema yana cikinsa tun fil azal.

Inda take kama da Littafi Mai Tsarki, da inda ta rabu

Masu wannan koyarwa sukan kawo ayoyi. Sama'ila ya zuba mai a kan Shawulu (1 Sama'ila 10:1). Harsuna kamar na wuta sun sauka a bisa almajirai ranar Fentikos (Ayyukan Manzanni 2:3). Dattawa sun ɗora wa Timoti hannu (1 Timoti 4:14). Leadbeater har ya fassara rawunan da dattawa 24 suke ajiyewa gaban kursiyi (Wahayin Yahaya 4:10) a matsayin hasken wannan cibiya.

Mu duba inda abin yake fitowa a kowace aya. Man daga sama aka zubo shi, da hannun wanda Allah ya aiko. Ruhu ya sauko ne a lokacin da Uba ya alkawarta, almajiran suna jira cikin addu'a. Babu aya ko ɗaya da ta nuna wani ƙarfi na hawowa daga cikin mutum ta dabararsa. Siman mai sihiri ya ga Ruhu yana zuwa ta ɗora hannu, ya ɗauka fasaha ce da ake saya, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:18-23).

Daga nan bambanci uku suke fitowa. Na farko, Littafi Mai Tsarki yana riƙe da iyaka tsakanin Mahalicci da halitta. An yi mu cikin kamanninsa, amma alkawarin zama kamar Allah daga bakin maciji ya fito (Farawa 3:5). Na biyu, koyarwar sahasrara tana ganin matsalar mutum rashin sani ce ko toshewar hanya, Bishara kuwa tana kiranta zunubi, maganinsa kuma gafara ce ta wurin giciye. Na uku, Ruhu Mai Tsarki yana magana, yana koyarwa, ana iya ɓata masa rai (Afisawa 4:30), kuma ana gane shi ta wurin halin da yake haifarwa (Galatiyawa 5:22-23). Ba a auna shi da sanyi ko zafi a fata.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu ma. Idan a majami'unmu muka koya wa mutane cewa girgizar jiki ko zafi a kai su ne shaidar shafewa, to mun share wa wannan koyarwa hanya da hannunmu.

Idan ɗan ikkilisiya ya zo da batun

Mu fara da sauraro: me ya gani, me ya gwada, me ya kai shi nema? Sau da yawa za mu tarar da tsoro, rashin barci ko makoki. Mu bambanta wanda ke miƙa jiki saboda ciwon baya da wanda aka ba kalmomin kiran alloli ko hoton wani malami ya zauna gabansa. Na biyun sujada ce, sai mu faɗa masa haka a fili, cikin ƙauna, ba a gaban taro ba. Wanda ya daina barci kwanaki, yana jin muryoyi ko ciwon kai mai tsanani, mu yi masa addu'a mu kuma raka shi asibiti. Sa'an nan mu koya masa abin da Ikkilisiya take da shi tun dā: keɓewa shiru gaban Ubangiji, bimbini a kan Zabura, azumi da zumunta. Game da mabiyan waɗannan ƙungiyoyi kuwa, mu faɗi koyarwarsu daidai yadda take, domin ƙarya a kan maƙwabci zunubi ce ko da an yi ta da sunan kare gaskiya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wace bukata ce ta matasanmu wannan koyarwa take alkawarin biya, wadda mu muka yi sakaci da ita?
2. Yaya za ka bayyana ma'anar ɗora hannu ga sabon mai bi da ya taso cikin bori?
3. Karanta Kolosiyawa 2:8-10 da 2:18-19. Wane ne Bulus ya kira Kai, me hakan kuma yake nufi ga mai neman cika?