TUNKUZA, RIƊI DA CITTA: BISKIT ƊIN DA MAI CIWON SUKARI ZAI IYA CI

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ya taso daga Gidan Rumji ya ratsa Tibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya kai Gazawa, ba zai rasa ganin ƴan mata da farantai bisa kai ba a kowace tasha. Wannan tana tallar ƙuli-ƙuli, waccan dakuwa, wata kantun riɗi, wata kuwa soyayyar aya mai sukari. Kusan dukan waɗannan kayan marmari daga gonakin jahar Maraɗi suke fitowa. Amma akwai waɗansu mutane, kuma yawansu sai ƙaruwa yake yi, waɗanda in farantin ya iso gabansu sai su kau da kai, domin likita ya gwada jininsu ya ce musu suna da ciwon sukari.

Ranar Salla ko ranar suna, in an fito da gato da cincin an kewaye da su, irin wannan mutum yakan koma gefe kamar baƙo cikin gidansa. Waɗansu sukan daure. Da yawa kuwa sukan ce yau ɗaya ba ta kisa, su ci, gobe ma su sake faɗin haka. Daga nan ne ciwon yake samun hanyar taɓa ido da ƙoda, ko ya mai da ɗan ƙaramin miki na ƙafa abin da ba ya warkewa.

ABIN DA CIWON YAKE

Hatsi da dawa da shinkafa da alkama da rogo duk abinci ne mai sitaci. In an ci su, ciki yakan narkar da sitacin ya koma sukari, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa bayan tumbi, wadda likitoci suke kira pankireya, ita ce take fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda yake buɗe wa sukarin hanya ya bar jini ya shiga tsoka domin ya zama ƙarfi. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini. Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari, gajiya da rama ba dalili. A gidan likita ana gwada jini da safe kafin a karya kumallo. In an sami gram 1,26 cikin lita ko fiye har sau 2, to ciwon ya tabbata.

Ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manyan mutane miliyan 24 ne suke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa cikin abinci da abin sha ya kai gram 50 a yini, wato kimanin ƙwarar sukari 10, in da hali ma a tsaya ga rabin haka. Wanda yake zaman shayi a fada, a sha na fari da na biyu da na uku, safe da marece, ga hura da kunu da lemun kwalba, sai ya lissafa da kansa.

DAGA INA DABARAR TA FITO

A Amurka da Turai an daɗe ana gasa wani biskit mai duhu, mai ƙamshin citta da kanumfari. Duhunsa da ɗanɗanonsa suna zuwa ne daga baƙin ruwa mai kauri da yake ragewa in an dafa ruwan rake an cire farin sukari, wanda Faransawa suke kira melas. Garin alkama da sukari da wannan baƙin ruwa su ne jikin biskit ɗin, saboda haka mai ciwon sukari ba shi da rabo a ciki.

A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, na asibitin Mayo da ke Amurka, ya tsara wani irin cin abinci domin masu farfaɗiya: mai da yawa, abinci mai gina jiki daidai gwargwado, sitaci da sukari kuwa ɗan kaɗan ƙwarai. In jiki ya rasa sitaci, sai hanta ta shiga narkar da kitse tana fitar da waɗansu sinadarai da ake kira keton, su ne jiki yake ƙonawa maimakon sukari. Daga nan aka sami sunan tsarin keto. A wannan shekarar ce kuma Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto na Kanada. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya.

Daga baya masu neman rage ƙiba da waɗansu masu ciwon sukari suka rungumi tsarin keto, inda ba a wuce gram 50 na sitaci da sukari a yini. Su ne suka sake wa biskit ɗin citta tsari: suka cire garin alkama suka sa garin wani ɗan itace mai maiƙo da ake kira amand, wanda mafi yawansa a jahar Kalifoniya ake noma shi, suka rage baƙin ruwan rake ya koma cokali guda domin ƙamshi kawai. Garin amand kaya ne na manyan kantunan Yamai, mai tsadar gaske. To, amma abin da ake nema gare shi, wato mai da gina jiki da ƙarancin sitaci, yana nan jibge a kasuwannin Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

ARZIKIN DA KE GIDA

Dattawan jahar Maraɗi ba su manta da zamanin gujiya ba. A shekarun 1960 ita ce kan gaba cikin abin da Nijar take sayarwa waje. An kafa kamfanin Sonara a 1962 domin cinikinta, masana'antar Sikonijar kuma tana matse mai a Maraɗi. Farin 1973 da cutar kuturtar gujiya ta 1975 suka karya wannan ciniki, manoma da yawa suka koma ga wake da aya da riɗi. Duk da haka gujiya ba ta bar gona ba, kuma sana'ar mai ta koma hannun mata. Su ne suke soya ta sama-sama, su murje ɓawon, su kai inji a niƙa, su zuba ruwan zafi suna tuƙawa har mai ya taso, su matse. Abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake murzawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli, ko a sa ta cikin miya da kwaɗon zogala.

Ga yadda lissafin yake cikin kowane gram 100. Garin alkama yana da sitaci fiye da gram 70. Hatsi ma ya kusa haka. Gujiya kuwa gram 16 take da shi, kuma kusan rabin wannan dusa ce da ciki ba ya narkarwa. Ga mai kusan gram 50, ga abin gina jiki gram 25. Riɗi yana da gram 23, rabinsa shi ma dusa ne. Tunkuza, da yake an rage mata mai, ta ɗan fi ɗanyar gujiya sitaci, amma ko kusa ba ta kai alkama ba.

Sai dai a yi hattara da aya. Jahar Maraɗi ce kan gaba wajen nomanta a Nijar, ana fitar da ita zuwa Najeriya har da Sifen, kuma abinci ce mai amfani. Amma zaƙin da ake ji in an tauna ta sukari ne na gaske, ga kuma sitaci mai yawa. Saboda haka garin aya ba zai maye gurbin tunkuza ba cikin wannan biskit. Haka nan zuma da dabino: kasancewarsu daga daji ko lambu suka fito bai hana su ɗaga sukarin jini ba.

Baƙin ruwan rake kuwa, danginsa na kusa a ƙasar Hausa shi ne mazarƙwaila, wadda ake dafawa a ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, ƴan kasuwa su shigo da ita ta Katsina. Ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare ba tare da an raba shi da baƙinsa ba, shi ya sa take da wannan launi da ƙamshi. Amma kusan dukanta sukari ce. A nan ana sa ta ne kamar yadda ake sa daddawa cikin miya, domin ɗanɗano, ba domin cika tukunya ba. Citta ma daga kudancin Kaduna mafi yawanta take zuwa, kuma babu teburin mai kayan yaji da ba a samunta.

YADDA AKE YIN SA

A sami tunkuza sabuwa wadda ba a sa wa gishiri ko sukari ba. A farfasa ta cikin kasko bisa wuta kaɗan, ana juyawa har ruwanta ya tsane, sa'an nan a daka a tankaɗe. A auna gram 200. Wanda zai daka ƙuli-ƙulin kasuwa ya tambaya tukuna, domin waɗansu masu sana'ar sukan ƙara sukari ko gari.

A haɗa garin da soyayyen riɗi dakakke gram 50, da garin citta ƙaramin cokali 2, da kanumfari dakakke kamar ƙwara 4, da bikarbonat rabin ƙaramin cokali, da ɗan gishiri. A wani kwano a narkar da mazarƙwaila babban cokali 1, wato kamar gram 20, cikin ruwan ɗumi cokali 2; a fasa ƙwai 2, a zuba man shanu ko man gujiya babban cokali 3, a kaɗa. Sai a juye wannan cikin garin a cuɗa. Garin gujiya ba shi da danƙo irin na alkama, saboda haka ƙwai ne yake riƙe shi. In an rage ƙwai, biskit ɗin zai wargaje a hannu. A rufe ƙullin ya huta kamar minti 20.

A mulmula shi gida 24, a latse kowane da bayan cokali, a jera bisa faranti mai ɗan mai. Mai tanderun gas ya sa zafi ma'auni 170, minti 10 zuwa 12. Wadda ba ta da shi ta zuba rairayi mai tsabta cikin babbar tukunya, ta ɗora farantin bisa, ta rufe, ta sa garwashi kaɗan ƙarƙashi da kuma bisa marufi. Gujiya tana saurin ƙonewa, kuma ƙonanniya ɗaci gare ta. Da zarar gefen ya yi ja sai a sauke. Da zafinsa yana da laushi, sai ya huce yake ƙarfi.

In an raba mazarƙwailar nan gida 24, kowane biskit bai sami gram 1 na sukari ba. In an haɗa da sitacin tunkuza da riɗi, abin da zai shiga jini kimanin gram 3 ne, alhali biskit ɗin kanti mai wannan girma yakan kai gram 10. Gaskiya ce zaƙinsa kaɗan ne; citta da ƙamshin soyayyen riɗi ne suke ɗauke da shi. Mai son ƙarin zaƙi ya nemi garin siteviya a farmasi, wani ganye ne mai asali daga Paraguwai wanda zafin wuta ba ya kashe zaƙinsa. Ƙwayoyin asfartam da ake jefawa cikin shayi ba su dace da gashi ba, domin zafi yana ɓata su.

GARGAƊI GUDA UKU

Na farko, a tsince gujiya. Wadda ta sha damshi a gona ko a rumbu takan yi hunhuna mai fitar da dafin da ake kira aflatoksin. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100.000 sun mutu a Ingila a 1960, saboda tunkuzar gujiya da aka ba su. Dafin yana lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ko gashi ba su kashe shi. Duk ƙwayar da ta motse, ta sake launi ko take ɗaci, a zubar da ita.

Na biyu, biskit ba magani ba ne. Wanda yake shan ƙwayar ciwon sukari ko yake allurar insulin, in ya yanke tuwo da hura farat ɗaya bai gaya wa likita ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ya kama rawar jiki da zufa har ya suma. Mai ciwon ƙoda da mace mai ciki ko mai goyo kada su shiga tsarin keto da ra'ayin kansu. Kuma tun da biskit ɗin mai maiƙo ne, guda 2 ko 3 sun isa a zama ɗaya.

Na uku, hatsi ba abokin gaba ba ne. Manomin da ya yini riƙe da hauya, da yaron da yake girma, suna bukatar hurarsu da tuwonsu cikakku. Jahar Maraɗi ta ga tamowar yara a 2005, kuma abin da ya ceci dubbai daga cikinsu shi ne kwaɓin gujiya mai madara da mai da sukari, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996. Gujiyar ɗaya ce: ga yaro mai tamowa ana ƙara mata sukari, ga dattijo mai ciwon sukari ana rage mata. Kowane jiki da abin da yake nema.

Ƙungiyoyin mata masu matsar mai, waɗanda sau da yawa suke sayar da tunkuza da araha, suna iya samun sabuwar hanyar ciniki a nan, muddin sun tsince gujiyarsu, sun auna mazarƙwaila da gaskiya, sun kuma gaya wa mai saye abin da ke ciki. Malaman yaƙi da jahilci suna iya karanta wannan awo tare da ɗalibansu, ya zama darasin lissafi da na kiwon lafiya gaba ɗaya. Wanda kuwa ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon cikin danginsa, ya je gidan likita mafi kusa a gwada jininsa tun ido da ƙafa suna lafiya, domin rigakafi ya fi magani.