Mai tuƙi ba shi riƙe waya

Yau za mu yi magana kan dokar hanya. Wani zai ce: "Ni ba ni da mota, ina ruwana?" Da ruwanka. Kana shiga motar kasuwa. Kana hawan kabu-kabu. Ɗanka yana kora awaki bakin gudoro.

Ku dubi babbar hanya mai lamba 1. Ta fito daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, ta kai Damagaram, ta wuce har Diffa. Garuruwa da yawa suna bakinta. Ranar kasuwa ga amalanke, ga jakuna, ga yara masu talla, duk a kan hanya guda da manyan motoci.

Dokar hanya ta ƙasarmu ta hana mai tuƙi ya riƙe waya a hannu yana magana. Dokar ba ta masu mota kaɗai ba ce. Ta shafi mai babur ma. In jandarma ko ɗan sanda ya kama shi, zai biya tara.

Mene ne dalili? Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji.

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa guda ita ce lokacin da za ka ce "ɗaya" ka rufe baki. To, waya ta yi ƙara. Direba ya sunkuya don ya ga wane ne ke kira. Ya ɗauki daƙiƙa 3. Mita 25 sau 3, mita 75 ke nan. Wato kamar taki 100 na babban mutum. Duk wannan tafiya mota ta yi ta babu mai kallon gabanta. Ku fita fili ku auna taki 100, ku gani da idonku.

Kuma ko ya ɗaga kai ya taka birki, mota ba ta tsayawa nan take. Da irin wannan gudu, sai ta ƙara fiye da mita 40 kafin ta tsaya, ko da hanyar busasshiya ce. In akwai yashi ko ruwan sama, ta fi haka. Jakin da ya shigo hanya bai san wannan lissafi ba. Yaro ma bai sani ba.

Wasu direbobi suna cewa: "Idona yana kan hanya, kunne kawai na ba waya." Wannan magana ba ta da ƙarfi. Mai cinikin gero ta waya, hankalinsa yana wurin kuɗi. Ido yana buɗe amma bai gani da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4.

Na mai babur ya fi muni. Hannu guda ke riƙe da babur, ga buhu a baya, ga mace da goyo. Wasu kan soke waya cikin rawani, su ce ai hannu biyu suna aiki. Hannu yana aiki, hankali fa?

Abin da ya kamata mai sauƙi ne. In kiran na gaggawa ne, direba ya kunna sigina, ya sauka gefen dama, ya tsaya inda ake hango shi daga nesa. Kada ya tsaya a kwana ko bisa gada. In ba na gaggawa ba ne, waya ta jira har tasha. Yaron mota ma yana iya amsawa.

Ku kuma fasinjoji, kuna da baki. Mun saba yin shiru don kunya, ko don tsoron kada a ce mun cika surutu. Amma kuɗinku kuka biya. Dattijo guda ya ce: "Malam direba, don Allah aje wayar nan sai mun isa." In mutum biyu ko uku suka goyi bayansa, da wuya direba ya ƙi.

Mai tafiya ƙasa shi ma ya cire waya daga kunne kafin ya ƙetare gudoro. A ƙasarmu motoci suna bin hannun dama. Don haka a fara duban hagu, sannan dama, sannan a sake duban hagu.