Wa zai zauna bisa kujerun majalisar komin?

 Yau hirarmu ta shafi majalisar komin, wato mutanen da ke zama su yanke shawara bisa al'amuran ƙaramin gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Irin wannan majalisa ita ke duba kuɗin haraji da kuɗin kasuwa. Ita ke cewa bana za a gina aji a nan, za a gyara rijiya a can, za a shata burtali tsakanin gonaki. To, mutanen nan, ta wace hanya suke samun kujerunsu?

Hanyar ta sha canji a Nijar. A zamanin Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, babu jam'iyyu. Majalisun ci gaba aka kafa, tun daga ƙauye har sama, wakilansu kuma daga samariya da ƙungiyoyin manoma suke fitowa. Dattawa daga cikinku sun tuna. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu 1999, amma rigima ta tashi bisa sakamakon, waɗanda aka zaɓa ba su hau kujerunsu ba. A 2002 doka ta raba ƙasa komin 265: na karkara 213, na birni 52. Ranar 24 ga Yuli 2004 jama'a suka zaɓi majalisunsu. An sake zaɓe a Janairu 2011, da kuma Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa masu riƙon komin.

Wani zai ce: tun da an rushe su, mene ne amfanin hirar? Amfaninta ga shi. Duk ranar da aka zauna tsara dokar zaɓe, sai an tsai da yadda za a raba kujeru. Kuma ƙuri'un nan da aka jefa, ba tare da an ƙara ko an rage ba, suna iya ba da majalisa iri uku, gwargwadon yadda aka yi rabon. Ku ɗauko allo mu lissafa tare.

Dokar 2010 ta ce komin da mutanenta ba su wuce 24,000 ba tana da kujeru 11. In mutane sun fi haka ana ƙara kujeru, amma ba a wuce 25. Mu ɗauki ƙaramar komin mai kujeru 11. A ce mutum 11,000 suka jefa ƙuri'a. Jam'iyya ta farko ta samu 6,000. Ta biyu ta samu 3,000. Ta uku ta samu 2,000. Wannan misali ne kawai, don lissafin ya yi sauƙi.

Hanya ta farko ita ce mai rinjaye ya kwashe duka. Jam'iyya ta farko ta fi kowa, saboda haka kujeru 11 duk nata ne. Aiki zai yi sauri, don babu mai gardama cikin zauren. Amma mutum 5,000 sun sha rana a layi, ga shi ba su da ko baki ɗaya. In an ci kuɗin kasuwa, wa zai tashi ya tambaya?

Hanya ta biyu ita ce rabo gwargwadon ƙuri'u. Da ita aka yi zaɓukan 2004 da 2011 da 2020. Komin gaba ɗayanta mazaɓa guda ce. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayen ƴan takararta, mai zaɓe kuma jerin yake zaɓa, ba mutum ɗaya ba. Ba ya iya soke sunan da ba ya so, ba ya iya sa wani a gurbinsa. A misalinmu kowace kujera ta tashi bisa ƙuri'a 1,000. Ta farko ta samu kujeru 6, ta biyu 3, ta uku 2. Kamar rabon gero ne bayan aikin gonar gandu: kowa ya ɗauki dami gwargwadon ƙoƙarinsa.

Wannan hanya tana da kyau, amma tana da nata rauni, kuma mutanen ƙauye sun fi kowa saninsa. Jerin sunaye a hannun jam'iyya yake. In jam'iyya ta samu kujeru 2 cikin 11, ƴan takararta 9 gida za su koma. Manyan jam'iyya kuwa galibi a babban garin komin suke zaune, ko ma a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Sai ka ga ƙauyen da ke nesa ya fito kwansa da kwarkwatarsa ya jefa ƙuri'a, amma ko ɗa guda nasa bai shiga majalisa ba. Ran da gugar rijiyarsu ta tsinke, ko ruwa ya yanke hanyarsu da damina, ba su san ƙofar da za su buga ba. Wakilin kowa da kowa ne, amma ba na wani ƙauye takamaimai ba.

Hanya ta uku ita ce raba komin yanki-yanki. Kujeru 11, yankuna 11, kowane yanki ya zaɓi mutum ɗaya. Masu zuwa cin kasuwar Jibiya ko ta Mai'aduwa sun ga irinta wajen maƙwabtanmu. A Najeriya akwai ƙananan hukumomi 774, kowace an raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta. A nan kowa ya san wakilinsa, ya san gidansa, ya san ubansa. In bai yi aiki ba, kunyar gaisuwa ma ta ishe shi.

To, a wannan hanya jam'iyya ta uku, mai ƙuri'a 2,000, kujera nawa za ta samu? Amsar tana ga inda mutanenta suke zaune. In sun taru a yankuna biyu, za ta iya cin kujeru 2. In kuwa sun warwatsu, 200 a nan, 150 a can, ko'ina ana rinjayarsu, sai ta tashi hannu banza. Ku tuna da makiyaya, Fulani da Buzaye, waɗanda rugagensu ke warwatse cikin komin. Suna da yawa in an haɗa su, amma ba su da rinjaye a yanki ko ɗaya. Akwai kuma wata matsala: wa zai ja layin yankunan? Mai riƙe da alƙalami yana iya tsaga babban ƙauye biyu, rabi ya haɗa da gabas, rabi da yamma, don ƙauyen ya rasa ƙarfinsa. Ba a saci ƙuri'a ko ɗaya ba, amma an gama zaɓen tun kafin ranarsa.

Ni a ganina, hanya ta farko ba ta dace da komin ba, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya. Tsakanin ta biyu da ta uku kuwa sai an auna. Ta biyu tana kare ƙananan jam'iyyu da mutanen da ke warwatse. Ta uku tana kare ƙauyen da ke nesa.

Mata, ku saurara, nan akwai naku. A 2000 aka yi dokar da ta ce cikin waɗanda aka zaɓa, maza ko mata, kada wani ɓangare ya gaza kashi 10 cikin 100. A 2014 aka ɗaga zuwa 15, a 2019 zuwa 25, wato ɗaya cikin huɗu. Irin wannan doka ta fi sauƙin aiki da jerin sunaye, domin ana iya duba takarda a ƙirga mata nawa ke ciki. In kowane yanki mutum ɗaya yake fiddawa, yaya za a ce wa wane yanki lalle mace zai zaɓa? Duk mai son a koma hanyar yankuna, ku tambaye shi inda ya aje kujerun mata.

Saura maganar magajin gari. A zaɓukan da muka ambata, ba jama'a ke zaɓensa kai tsaye ba. Ƴan majalisa ke zama su fidda shi daga cikinsu, kuma dokar 2010 ta ce sai mai takardar BEPC ko makamanciyarta. Suna kuma iya sauke shi in sun daina yarda da shi. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da wurin zama, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a a zauren. A Najeriya kuwa, inda aka yi zaɓe, jama'a da kansu ke jefa wa ciyaman ƙuri'a. Kun ga nan ma akwai abin aunawa. Magajin da ƴan majalisa suka zaɓa dole ya saurare su, amma kujerarsa tana rawa duk ran da ƙawance ya lalace.

Ga aikin da za ku yi a cibiyarku ta yaƙi da jahilci, ku da malaminku. Kujeru 11 ne, ƙuri'u 11,000. Wannan karo jam'iyya ta farko ta samu 5,000, ta biyu 4,000, ta uku 2,000. Ku raba kujerun ta hanya ta biyu, ku rubuta a allo. Sannan ku duba: ana bukatar ƴan majalisa 6 kafin a samu rinjaye a fidda magajin gari. Wace jam'iyya ce sauran biyun za su riƙa zuwa gaishewa da dare?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.