Riɗi da Magariba ba sa jiran kowa

Umm Rakuba ƙauye ne a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kusa da garin Doka, a yankin da ya yi iyaka da Habasha. Duniya ta san sunansa ne saboda sansanin 'yan gudun hijira. An taɓa zaunar da Habashawa a wurin a shekarun 1980, aka rufe, sai aka sake buɗewa a watan Nuwamban 2020 da yaƙin Tigray ya ɓarke, kafin a ce kwabo mutanen ciki sun kai wajen 20,000. To amma ƙasar da ta kewaye sansanin ƙasar noma ce, baƙar laka mai danƙo, wadda tun tsakiyar shekarun 1940 ake nomanta da tarakta. Dawa da riɗi ne arzikinta. Hausawa ma suna da yawa a Gadarif, jikokin mahajjatan da suka taka sayyada zuwa Makka suka yada zango a hanya, da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Duk ɗan kasuwar da ke kukan cewa yakan sa wa kansa rana amma ba ya cikawa, ya kamata ya dubi manomin riɗi na wannan yanki. Ana shuka riɗi idan damina ta kankama, wajen watan Yuli, bayan wata uku da 'yan kwanaki ya isa yanka. Matsalarsa ita ce idan ya nuna ba ya haƙuri. Ganye zai yi rawaya ya fara zuba, idan aka yi sakaci kwanson ya bushe a tsaye sai ya tsage, ƙwayar ta watse a ƙasa, kuma ba a taɓa ganin wanda ya tsince riɗi daga cikin tsagar laka ba. Tsakanin nuna da zubewa bai fi mako biyu ba. Galibi da lauje ake yanka, a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye har su bushe, sannan a kifa a kakkaɓe a kan shimfiɗa. Mai gona fadan dubu, wato sama da kadada 400, yana bukatar hannu masu yawa a cikin 'yan kwanakin nan, kuma maƙwabcinsa ma haka. Shekara da shekaru 'yan ƙwadago daga Habasha ne ke tsallakowa su cike wannan giɓi, shi ya sa duk lokacin da iyaka ta rikice, kamar a rikicin Fashaga na ƙarshen 2020, hankalin manoma kan tashi.

Wannan wa'adi na yankan riɗi ya yi kama da na uwar gida a watan azumi. Ba ita ta sa lokacin kiran Magariba ba, ba kuma za ta aika wa ladan cewa ya ɗan dakata mai bai yi zafi ba. Saboda haka daga Magariba take fara lissafi, ta riƙa dawowa baya. In ana son ƙosai ya sauka da zafinsa, dole ƙullu ya dawo daga inji da La'asar. In ana son haka, dole a surfa wake a wanke tun bayan Azahar. In ana son wannan, to tun hantsi za a auno waken, a jiƙa tsamiyar kunu, a tabbatar akwai gawayi. Za ka ji tana cewa, "Ke 'yar nan, tashi ki kai markaɗen nan kafin layi ya kai bakin titi." Yarinyar tana ganin da sauran rana. Uwar kuwa ta san duk gidajen unguwar inji ɗaya suke kai wa, kuma wutar lantarki ba ta da alkawari. Wadda ta bari sai rana ta yi ja sannan ta fara neman albasa, ita ma fa za ta yi gaggawa, har ma ta fi kowa zufa, amma maigida da ruwa da dabino zai buɗe baki, ƙosan kuma ya fito waje a ƙone ciki ɗanye.

Manomin da ya ƙware haka yake yi. Ranar da ya shuka ya riga ya san makon da zai yi yanka, don haka tun riɗi na fure yake ƙulla magana da shugaban 'yan ƙwadago, ya tanadi garin dawa da za su ci, da buhuna, da kuɗin sallama a hannu. Dole ma ya kai kayan da wuri, domin idan ruwa ya jiƙa ƙasar Gadarif mota ba ta motsi, sai tarakta. Ƙungiyoyin agaji sun ɗanɗana wannan a 2021, lokacin da suka yi ta rige-rige da damina a Umm Rakuba da sansanin Tunaydba, duk da haka iska da ruwa suka kwashe tantuna masu yawa.

A ganina wajen sa wa'adi ne yawancin masu ƙananan sana'o'inmu ke tuntuɓe. Mai shago a Kantin Kwari ko mai sayen riɗi a Maigatari zai ce "kafin ƙarshen wata zan gama," alhali shi ya sa ranar, shi ne kuma alƙalin da zai ɗaga ta. Ranar da ba wanda zai tambaye ka ita, kuma ba abin da za ka rasa idan ta wuce, buri ce kawai. Mai son wa'adi ya tura shi sai ya ɗaure shi da abin da ba ya karɓar uzuri: ya biya kuɗin mota tun da wuri, ya faɗa wa mai saye ranar da zai zo ɗauka, ya haɗa aikin da ranar kasuwa ko jajibirin Sallah. Sannan ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane mako da nasa.

Sai dai akwai wa'adin da ke karya mutum, kuma Gadarif ta san shi sarai. Ƙaramin manomi kan karɓi kuɗi ko hatsi wurin ɗan kasuwa da damina, a kan zai biya da amfanin gona da kaka, irin fallen da aka sani a ƙasar Hausa. Manya kuma sukan je banki, musamman Bankin Noma na Sudan, su ƙulla cinikin salam: a ba su kuɗi yanzu, su kawo mudu sananne a rana sananniya. Sharaɗin a fili yake, amma ruwan sama bai sa hannu a takardar ba. Shekarar da damina ta yi gardama, ko farashin da aka yanka tun farko ya zama wasan yara saboda hauhawar kaya, manoma da dama sun kwana a kurkuku kan bashi. Ko a shekara mai albarka, tunda ranar biyan kowa kusan ɗaya ce, sai buhuna su yi wa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ambaliya a lokaci guda, dillali ya taya yadda ya ga dama. Wanda ya yi ciniki da idonsa a buɗe yakan nemi a sa ranar biya bayan an gama kakkaɓa da 'yan makonni, ya kuma ƙi karɓar abin da ya wuce ƙarfin gonarsa a shekara matsakaiciya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, man tarakta da bashin banki sun ƙara wuya, masu gudun hijira daga Khartoum da Wad Madani suka cika Gadarif. Manomin da a da yake fara neman mai a watan Yuni, yanzu tun da bazara yake fara bin layi.