Lauya Ma Sai Da Lissafi

'Yan'uwana mata, sau da yawa a aji nakan ji yarinya ta ce ita lauya za ta zama don ta huta da lissafi. To, ƙanwata, ki saurara da kyau.

Akwai wani karatu da ake yi bayan digiri na farko, wanda ya haɗa shari'a da sha'anin kuɗi. A Jamus, Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt ta kafa masa cibiya a 2002. Shekara guda ake yi, da Turanci, kuma ana ɗaukar wadda ta karanta shari'a ko kasuwanci ko tattalin arziki. Jami'ar Oxford ta Ingila ta fara nata a 2010, amma ita sai mai digirin shari'a.

Ina amfaninsa? Idan kamfani zai ci bashin banki, takardar yarjejeniya tana ɗauke da sharuɗɗa, tana kuma ɗauke da adadi. Lauyar da ta san sharuɗɗan amma ba ta iya lissafa ruwan bashin ba, za ta bar mutum ya sa hannu a kan abin da zai karya shi.

Kada ki ce wannan sai ƙasashen Turai. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta sayar da takardun sukuk na naira biliyan 100 don aikin hanyoyi. Irin wannan aiki sai da masu ilmin nan biyu.

Saboda haka uwargida, yau da daddare ki buɗe littafin lissafin 'yarki ki duba. Idan tana baya, ki je ki ga malamarta tun da wuri.